Ido, Wa Ka Raina?

A hutun Kirsimati na 2024 ɗana da ke aiki a Ikko ya aiko mana da babban ɗansa, yaro mai shekara 16, domin ya yi mako biyu tare da mu a ƙauyenmu cikin ƙasar Malumfashi. Ba da sauƙi aka yi wannan aike ba. Shekara uku ina roƙo, uwar yaron tana ƙi saboda labarin da ta ke ji na hanyoyinmu, ni kuwa ban ga laifinta ba. Da ƙyar dai suka yarda, bisa sharaɗin ba za a yi tafiyar dare da shi ba. Ran da ya sauka daga mota, kakarsa ta fito da guɗa tana cewa, "Ga angona ya iso, wannan tsoho sai ya nemi wurin kwana!" Muka yi dariya, aka kai kayansa ɗaki.

Kwana biyu na fari yaron bai yi wani laifi ba. Yana gaisuwa da ladabi, yana cin abin da aka ba shi, ko da ya ke kaɗan ya ke taɓawa. Amma tun safe har dare kansa yana sunkuye a kan wayarsa. A dare na uku muna zaune a bakin wuta saboda hunturu, sai na ce masa, "Abokina, gobe in kai ka yawon buɗe ido mana?" Ya ɗaga kai ya dube ni ya ce, "Kaka, a nan? Me za a gani a nan? Ai daga kara sai ƙura."

Ba da reni ya faɗa ba, iyakar gaskiyarsa ke nan. Amma maganar ta soke ni, gama a cikin wannan kara da ƙura aka binne cibiyar ubansa. Da ya ga na yi shiru, sai ya matso kusa ya ce, "Bari in nuna maka irin wurin da mutane su ke zuwa gani."

Abin da na gani a wayar jikana

Ya nuna mini wani yanki na ƙasar Japan da a ke kira Noto. Ƙasa ce da ta miƙa hannu cikin teku, ruwa ya kewaye ta ta gefe uku. Na ga gangaren tudu wanda aka yanka shi hawa-hawa, kowane hawa da ƙananan fadamun shinkafa, suna sauka har bakin teku. Yaron ya ce sunan wurin Senmaida, fadamun kuwa guda 1,004 ne, waɗansu ma ba su kai faɗin tabarma ba. Na ga kasuwar safe ta garin Wajima, inda tsofaffin mata su ke baje kifi da ganyaye a bakin titi, kasuwar da a ke cewa ta haura shekara dubu. Na ga kuma wani mutum a ƙasar Suzu yana ɗebo ruwan teku da bokiti biyu a kafaɗa, yana yayyafawa a kan yashi, in ya bushe a tara, a tace, a dafa, gishiri ya fito.

Lalle wurin yana da kyau, ban yi musu ba. Amma ni manomi ne, sai na yi tambayar manomi. Na ce, "To, wa ke noma waɗannan 'yan gonaki? Ai ko garmar shanu ba za ta shiga ba." Yaron bai taɓa tunanin haka ba. Ya shiga nema, yana karantawa da Turanci yana juya mini da Hausarsa ta Ikko. Ashe da hannu a ke yin aikin. Ashe masu gonakin sun tsufa, samarinsu sun tafi manyan birane, har a ƙasar Suzu wajen rabin mutanen sun wuce shekara 65. Saboda haka mutanen birni su kan biya kuɗi a rubuta sunansu a kan fadama ɗaya, su zo da kansu ran dashe da ran yanka. Suna kuma da wata tsohuwar al'ada ta aikin taimakon juna da su ke kira yui. Na ce, "Wannan ai gayya ce."

Yana cikin karatu sai muryarsa ta sauya. Ya tarar cewa ran 1 ga Janairu 2024, ranar sabuwar shekara, an yi babbar girgizar ƙasa a Noto. Fiye da mutum 200 suka mutu, gidaje suka zube, wuta ta cinye unguwar kasuwar Wajima, fadamun nan suka tsattsage. A watan Satumba na shekarar kuma ruwan sama mai yawa ya sauko ya ƙara musu ɓarna. Hotunan da ya nuna mini tun kafin wannan aka ɗauke su. Duk da haka mutanen ba su watsar da abinsu ba. Matan kasuwar suka tafi birnin Kanazawa suka kafa rumfuna da sunan kasuwarsu, masu taimako kuma suka gyara kaɗan daga cikin fadamun suka dasa shinkafa a wannan shekarar.

A daren nan barci bai zo mini da wuri ba. Na yi ta tunani, mene ne mutanen duniya su ke biyan kuɗin jirgi su je gani a can? Ba bene ba ne, ba kuwa fadar sarki ba. Gonar talaka ce, da kasuwar tsofaffin mata, da gishirin miya. Abin da ya bambanta mu da su shi ne, su sun ɗauki abinsu da daraja har baƙo ya ga darajarsa. Mu kuwa an ce, ido wa ka raina, ya ce wanda na ke gani yau da gobe. In jikana ya ce babu abin gani a ƙasarmu, laifin wa ke nan? Wa ya taɓa nuna masa?

Sai na tuna da Nata'ala a cikin sura ta fari ta Bisharar Yohanna, wanda ya raina Nazarat, ya ɗauka ba wani abin kirki da zai fito daga can. Filibus bai tsaya gardama da shi ba, gayyatarsa ya yi ya je ya duba da idonsa. Na ce ni ma haka zan yi, gama gani ya kori ji.

Ranar Funtua

Da gari ya waye muka shiga mota zuwa Funtua ta hanyar Bakori. Na hana shi taɓa waya sai in hoto zai ɗauka. A kan hanya na riƙa nuna masa gonaki. Na ce, "Wannan da ka kira kara, dubi da kyau. Wannan karan masara ne, an daɗe da karya ta. Wancan dogon na dawa ne. Wancan fari-fari da ka ke hange auduga ce, mu nan kaɗa mu ke ce mata. Wannan wuri da aka share kuwa waken suya aka cire." Na gaya masa wannan yanki namu shi a ke kira Ƙaraduwa, da sunan wani kogi, shi ne kuma rumbun Jihar Katsina, gama ruwan samanmu ya fi na arewacin jihar yawa, ƙasarmu kuma ta fi nauyi.

A Funtua na kai shi tsohuwar tashar jirgin ƙasa. Na gaya masa layin dogon nan daga Zariya ya taso, ya bi ta nan da Gusau, ya kai Ƙauran Namoda a 1929. Auduga da gyaɗa su suka jawo shi. Kamfanin Turawa na BCGA ya kafa injin gurzar auduga a Funtua, ya kafa wani a Malumfashi. Sa'ad da na ke kamar shekarunsa, mu kan tashi da asuba da jakuna, kowanne da damin kaɗa ya fi shi girma, mu yi layi a kasuwar auduga. Ma'auni ya duba, in ta yi fari tas ya ce lamba ɗaya, in da datti ya mai da kai lamba biyu. Da kuɗin nan a ke biyan haraji, a yi aure, a sayi keke. Da kuɗin kaɗa na biya wa ubansa makaranta. Yaron ya tsaya ya daɗe yana duban ƙarfen dogon da ciyawa ta rufe.

Na gaya masa hakimin Funtua shi ne Sarkin Maska, gama Maska tsohon gari ne tun kafin Funtua ta zama wani abu. Hakimin Bakori shi ne Makaman Katsina, na Malumfashi kuwa Galadiman Katsina. Marigayi Mai Shari'a Mamman Nasir, wanda ya taɓa shugabantar Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Nijeriya, ya riƙe sarautar Galadima har ya rasu a 2019. Na kuma gaya masa cewa a 2023, da aka kafa wa 'yan'uwanmu na Katolika dayosis a Katsina, ɗan ƙasar Malumfashi aka naɗa bishop na fari, watau Gerald Mamman Musa. Na ce, "Ka ga, daga cikin kara da ƙura."

Da ya ce abin da ya rage mana shi ne teku, sai na ce, "Ai muna da hanyar zuwa." Kogin Sakkwato a nan kusa da Funtua ya faro. Ya bi ta Gusau, ya je Sakkwato ya haɗu da Rima, ya gangara ta Argungu ya faɗa Kwara, Kwara kuma ta kai shi teku. Watau ruwan da ya zuba a kan duwatsun Funtua da damina, wani daga cikinsa yana isa tekun nan da ku ke gani a Ikko. Har wa yau a watan Mayu 2024 an buɗe tashar jiragen ruwa ta kan tudu a Funtua, inda za a riƙa sallamar kayan da za su ƙetare teku. Yaron ya yi dariya ya ce, "Tashar jirgin ruwa ba ruwa!" Dariyarsa ta fari ke nan tun da ya zo.

Japan a cikin tukunyarmu

A kasuwar hatsi na tsai da shi gaban buhunan masara da aka jera sun fi mutum tsawo. Na gaya masa a ƙuruciyarmu masara abin bayan gida ce, a gasa wa yara kafin dawa ta nuna. A tsakiyar shekarun 1970 ne Bankin Duniya da gwamnati suka kawo shirin bunƙasa noma na Funtua, ɗaya daga cikin uku na fari a ƙasar nan, tare da na Gusau da na Gombe. Shi ya kawo sabon iri da takin zamani da hanyoyin ƙauye, masara ta fita daga bayan gida ta cika daji.

Sa'an nan na ce, "Ka tambayi kowane manomi a nan mene ne shukar Sasakawa." Wani mai awo da ke jinmu ya karɓe ya ce, "Ƙwaya ɗaya a rami, Baba, a kuma binne taki." Na ce wa yaron Sasakawa sunan wani attajiri ne ɗan Japan, Ryoichi Sasakawa. Shi da Norman Borlaug masanin noma, da Jimmy Carter tsohon shugaban Amurka, suka kafa shiri domin manoman Afirka a 1986, ya shigo Nijeriya a 1992. Malaman gona suka koya mana a bar santimita 75 tsakanin kunya da kunya, 25 tsakanin shuka da shuka. Da fari mun yi musu dariya, gama iyayenmu ƙwaya uku ko huɗu su ke jefawa. Da muka ga amfani, dariya ta ƙare. Babur ɗin da ya kawo mu kasuwa, da farin magin da a ke kira Ajino-moto, duk sunayen Japan ne. Riɗin da a ke nomawa a ƙasar nan kuma, Japan tana cikin manyan masu sayensa.

Da yunwa ta kama mu muka tsaya wurin wata yarinya mai suyar awara. Ya ci biyar da yaji, ya ce a ƙara. Washegari kakarsa ta ce in dai awara ce, sai ya ga yadda a ke yi. Ta jiƙa waken suya tun dare, aka kai niƙa, ta tace da ƙyalle, ta ɗora madarar a wuta. Da ta tafasa ta zuba ruwan tsamiya kaɗan-kaɗan, sai ga abu yana dunƙulewa yana tasowa. Ta kwashe ta ɗaure cikin ƙyalle, ta danne da dutse har ruwan ya tsane, ta yanka ta soya. Yaron ya duba wayarsa ya ce, "Kaka, wannan fa ita ce mutanen Japan su ke kira tofu!" Kakarsa ta ce, "To, ka gaya musu su zo su ɗanɗani tawa."

Daga nan ya maƙale a madafa. Ta nuna masa daddawa, yadda a ke dafa kalwa yini guda, a surfa, a wanke, a sake dafawa, a rufe ta kwana biyu ko uku har ta yi wari, sa'an nan a kirɓa a shanya. Ya toshe hanci, amma ya gano cewa a Japan ma suna rufe dafaffen waken suya haka nan har ya yi yauƙi, suna kiransa natto, a Noto kuma suna tsima kifi da gishiri wata da watanni su sami ruwan miya. Ashe kowace ƙasa da warin da ke yi mata daɗi. A kwanakin nan ya ci tuwon dawa da miyar kuka, da dambun tsakin masara da zogale, da kwaɗon rama da ƙuli-ƙuli, da bandar tarwaɗa. Na sayo masa mazarƙwaila ta ƙasar Danja, inda a ke noman rake da tumatir, na bayyana masa yadda a ke matse raken a dafa ruwan cikin manyan tukwane har ya yi kauri, a zuba cikin ƙananan kwanoni ya daskare. Ya ɓoye guda uku cikin jakarsa domin ƙannensa.

Inda ban kai shi ba

Ba zan ɓoye wa masu karatu ba, akwai wuraren da na so in kai shi ban iya ba. Na so ya ga madatsar ruwa ta Mairuwa a kan hanyar Gusau, inda mu kan je sayen kifi. Na so ya ga kasuwar hatsi ta Dandume, da kufan gidan da aka haife ni. Amma na yi wa uwarsa alkawari, hanyoyin kuwa ba su da tabbas. Kowa ya ji labarin 'yan makarantar Ƙanƙara fiye da 300 da aka kwashe a watan Disamba 2020. A watan Mayu 2021 aka shiga gidan fada na Katolika a Malumfashi da dare, aka kashe fada ɗaya aka tafi da wani. Akwai gonaki masu kyau a yammacinmu da masu su suka yi shekaru ba su taka ba.

Na gaya wa yaron wannan duka, gama ba daidai ba ne a nuna wa baƙo zaure a ɓoye masa inda katanga ta faɗi. Na ce su mutanen Noto ƙasa ce ta girgiza a ƙarƙashinsu, mu kuwa tamu girgizar daga hannun mutum ta ke. Amma ciwon ɗaya ne. Samari sun tafi, tsofaffi sun rage, kowa yana tambaya ko wurin nan zai kai jikoki.

Ranar gayya

Ana sauran kwana huɗu Kirsimati aka yi sanarwa a majami'a. Wata gwauruwa cikin ekklesiyarmu, wadda mijinta ya rasu da damina, dawarta tana kwance a gona ba mai kwashewa, ga shanu sun fara yawo. Dattawa suka sa ranar gayya. Na ce wa jikana, "Gobe za ka ga abin da ya fi dukan abin da na nuna maka."

Tun hantsi bai yi ba gonar ta cika. Ga matasan ekklesiya, ga kuma maƙwabtanmu Musulmi da ba wanda ya aika musu, gama mamacin ya yi musu gayya a zamaninsa. Waɗansu suna yanke zangarniya, waɗansu suna ɗaure dami, waɗansu suna jigila da amalanken shanu. Aka aza wa jikana dami a ka, ya yi taku goma ya zube da shi, aka yi ta sowa. Ya tashi ya sake ɗauka. Kafin azahar ƙaiƙayi ya cika masa wuya, tafin hannunsa ya yi bororo, amma bai zauna ba. Da ya ga ana barin 'yan zangarniya a baya ya fara tsincewa, sai wani dattijo Musulmi, maƙwabcina na shekara 40, ya ce, "Bar shi, ɗan nan, wannan kala ne, rabon marasa gona." Da dare na buɗe masa Littafin Rut ya karanta yadda aka yi kala a gonar Bo'aza, ya yi mamaki cewa abin da ke cikin Littafi Mai Tsarki yana nan a gonar ƙauyenmu.

Da rana ta take, 'yan zumuntar mata suka iso da tukwanen fate a ka, suna waƙa. Aka zuba a manyan kwanoni, mutum shida-shida. Yaron da ya saba da faranti da cokali nasa shi kaɗai ya durƙusa cikin ƙura tare da samari biyar da bai san sunansu da safe ba, suka share kwano har ƙasa. Kafin la'asar dawa ta shiga rumbu. Gwauruwar ta tsaya a bakin rumbun za ta yi godiya, magana ta ƙi fitowa. Fasto ya yi addu'a, maƙwabtanmu suka ce amin tare da mu.

A kan hanyar gida na ba shi labarin ubana, wanda Bamaguje ne kafin ya karɓi bishara. A gidanmu na dā mutum ya fi 60, duk gandu ɗaya a ke nomawa, kowa kuma da gayaunarsa. Ran gayya makaɗi yana gaba da ganga, samari suna tsere a kunya, da yamma a sha giya. Da ubana ya tuba, giya ta koma kunu, amma gayya ba ta fasa ba, gama ya ce Yesu bai zo domin ya raba shi da maƙwabci ba. Da kaka kuma Fulani su kan sauka a gonarmu, shanu su ci kara su bar mana taki, matansu su kawo nono mu ba su hatsi. Yanzu aikin gona ya koma na jinga da maganin feshi, samari sun tafi Abuja da Ikko da Fatakwal, tsoro kuma ya shiga tsakanin mutanen da suka sha fura ɗaya. Gayya ba ta mutu ba, amma ta rame. Irin wadda ya gani, a shekara ba ta fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba.

Ran Kirsimati, bayan sujada, kakarsa ta jera kwanonin shinkafa da nama ta ce ya kai gidajen maƙwabta, kamar yadda su ma su kan aiko mana da Salla. Ya yi sawu bakwai. Gidan dattijon nan na gona suka riƙe shi har ya sha fura, suka ba shi zabo ya kawo.

Ran da zai koma, na ce, "To, abokina, me ka gani?" Ya ce, "Kaka, ban ga teku ba." Ya yi shiru kaɗan, ya ce, "Amma a Ikko ban san sunan wanda ke ɗakin da ke kusa da namu ba."

Abin da ya biyo baya

A watan Agusta 2025 'yan bindiga suka faɗa wa masallacin Unguwar Mantau a ƙasar Malumfashi lokacin sallar asuba, suka kashe mutane da dama. Labari ya kai ko'ina. Kafin rana ta faɗi wayata ta yi ƙara. Jikana ne. Bayan ya tambayi lafiyarmu, sai ya ce, "Kaka, Baban nan da ya ba ni zabo fa? Da samarin da muka ci fate? Abin ya taɓa su?" Na ce suna lafiya, ba ƙauyenmu ba ne, amma akwai waɗanda suka rasa dangi. Ya ce in kai masa gaisuwar ta'aziyya gida-gida, in kuma gaya musu suna yi musu addu'a a majami'arsu. Na kai. Dattijon ya share hawaye ya ce, "Ashe yaron nan namu ne."

Da na ajiye wayar na gode wa Ubangiji. Shekara guda kafin wannan, da labarin ya wuce ta gaban yaron kamar na wata ƙasa mai nisa. Yanzu kuwa yana da mutane a nan. Wanda ya ci kwano ɗaya da mutum ba ya jin mutuwarsa kamar labarin rediyo.

Ya ku 'yan'uwa iyaye da ke zaune a birane, na san tsoronku, ba kuwa na ce ku jefa 'ya'yanku cikin hatsari ba. Ku yi tambaya, ku zaɓi lokaci, ku yi tafiyar rana. In zuwa bai yiwu ba bana, ku dafa musu tuwon gida, ku gaya musu sunan garinku da na kakanninku, ku haɗa su da tsofaffi ko ta waya ce. Musa ya ɗora wa iyaye nauyin koya wa 'ya'ya al'amuran Allah, ba a wurin sujada kaɗai ba, har cikin zaman gida da tafiyar hanya. Yaya yaro zai yi godiya saboda ƙasar da ba a taɓa nuna masa ba? Yaya kuma zai yi addu'a domin mutanen da bai san fuskarsu ba? Kowa ya bar gida, gida ya bar shi, zumunta kuwa a ƙafa ta ke.

Mu kuma da muka rage a ƙauye, kada mu riƙa ce wa 'ya'yanmu babu kome a nan, gama abin da muka raina da bakinmu ba za su ɗauka da hannu biyu ba. In ekklesiyarku ta daɗe ba ta kira gayya ba, ku duba, ba za a rasa gwauruwa ko marar lafiya da amfaninsa ke kwance a gona ba. Ku kira, ku kuma gaya wa maƙwabta, gama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ku tuna da ƙasar Funtua da Malumfashi cikin addu'o'inku, Allah ya ba mu salama, manoma su koma gonakinsu. Ku tuna kuma da mutanen Noto, waɗanda ban taɓa gani ba sai a wayar jikana, manoma ne kamarmu. Zabon nan kuwa kakarsa ta hana a yanka. Ta ce na angonta ne, sai ya dawo.